Babi na Biyar: Na Tuba, Me Ya Sa Zuciyata Ba Ta Sake Ni Ba?

"Na roƙi Allah gafara har na rasa iyaka. To me ya sa abin nan bai bar ni ba?"

Duk wanda ya daɗe yana hidima a cikin ikkilisiya ya sha jin wannan tambaya. Ba a yin ta cikin taro. Sai an tashi daga sujada, jama'a sun watse, sannan ka ga wani yana jan ƙafa a bakin ofishin fasto, ko wata ta bi matar fasto har madafi ta ce, "Mama, ina da magana, amma don Allah tsakaninmu." Masu tambayar kuwa sau da yawa mutane ne da ake ganin girmansu: mai bi da sujada, ma'ajiyar Zumuntar Mata, dattijon da ke raba Jibin Ubangiji.

Wata ta zubar da ciki tun tana 'yar makaranta. Yau tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, amma duk daren da yaro ya kwana da zazzaɓi sai gabanta ya faɗi, ta ce alhaki ne ya biyo ta. Wani ya sa hannu a kuɗin ginin majami'a da niyyar mayarwa, shekaru suka shuɗe bai mayar ba. Wani kuma ya fita da adda a rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001, ya san abin da hannunsa ya aikata, har yau ko matarsa ba ta sani ba. Dukansu sun durƙusa, sun yi kuka, wasu har da azumi. Ranar Lahadi suna rera waƙar gafara tare da kowa, amma a ransu suna ganin da wasu ake.

Idan kana cikinsu, ɗan'uwana, ko kina cikinsu, 'yar'uwata, dominku ne wannan babi. Abin da nake so mu bi a hankali shi ne, nauyin da ke zuciyar mutum ba shi ke faɗin matsayinsa a gaban Allah ba.

Aikin lamiri

Mu fara da ba lamiri haƙƙinsa. Wanda zai cuci maraya ya kwana yana minshari ya fi ka zama abin tausayi. Sarki Dawuda ya ɗauki Batsheba, matar Uriya, ya sa aka kai mijin bakin daga aka janye aka bar shi ya mutu, sannan ya ci gaba da mulkinsa kamar ba a yi komai ba. Sai da annabi Natan ya shigo fada da labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Dawuda ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci, Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Sukar da ta shige shi a ranar alheri ce. Daga cikinta Zabura ta 51 ta fito, wadda masu tuba ke addu'a da ita har yau.

Amma manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa sura 7, ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai kai mutum ga tuba da ceto, akwai kuma irin na duniya mai kai shi ga mutuwa. A ido kamanninsu ɗaya: hawaye, rashin barci, ƙin abinci. Sai ka duba inda kowanne ke tura ka. In Ruhu Mai Tsarki ne ke tsauta maka, zai kama sunan abin: ka yi ƙarya a wuri kaza, ka cuci wane, je ka gyara. Ka furta, ka gyara, magana ta ƙare. Ɗaya muryar kuwa ba ta da ranar gamawa. Abin da ka furta jiya, yau ta dawo maka da shi ɗanye. Kuma kai ɗin take sara: munafuki ne kai, irinka ba ya shiryuwa, da wane baki za ka yi addu'a? Littafin Wahayi sura 12 ya nuna Shaiɗan a matsayin mai kai ƙarar masu bi dare da rana. Duk muryar da ke raba ka da addu'a, ta raba ka da 'yan'uwa, ba daga Ubangiji take ba, ko da ayoyi take ja maka.

Mutum biyu, dare ɗaya

A daren da aka kama Yesu, almajirai biyu suka yi mummunar faɗuwa. Yahuza ya bashe shi a kan azurfa talatin. Bitrus kuma, wanda da yammacin nan ya bugi ƙirji cewa ko mutuwa ce zai bi shi, ya yi musun saninsa sau uku a farfajiyar babban firist, har da rantsuwa. Kuma baranya ce ta fara tambayarsa.

Mun saba ɗaukar Yahuza a matsayin wanda bai yi nadama ba. Matiyu sura 27 ta nuna akasin haka. Ya koma wurin manyan firistoci, ya faɗi da bakinsa cewa ya yi zunubi, ya mayar da kuɗin. Da yawan da-na-sani ke wanke mutum, da Yahuza ya wanku. Waɗanda ya kai wa kukansa suka nuna masa ba abin da ya dame su. Ya watsar da kuɗin a Haikali, ya fita shi kaɗai, ya rataye kansa.

Bitrus ba shi da abin mayarwa. Kuka mai zafi kawai ya yi. Amma bai ware kansa ba. Ranar Lahadi tana wayewa yana nan tare da 'yan'uwa, mutanen da suka ji cika bakinsa da kunnensu. Ka kwatanta kunyar zama a cikinsu. A Markus sura 16, saƙon da aka ba matan a bakin kabari na almajirai ne duka, amma aka ware sunan Bitrus aka ambata, sai ka ce an san zai ɗauka saƙon bai haɗa da shi ba. Sannan a tekun Tibariya, a Yohanna sura 21, da ya ji Ubangiji ne tsaye a gaɓa, sai ya faɗa ruwa ya nufe shi. Ya tarar da garwashi da kifi da gurasa. A bakin garwashi ya yi musu, a bakin garwashi aka ciyar da shi. Sai da suka ƙoshi Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kowane karo kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Ban ga inda ya nemi bayanin abin da ya faru daren nan ba. Ban kuma ga inda ya sa masa wa'adin gwaji ba.

Bayan 'yan makonni, ranar Fentikos, Bitrus ɗin nan ne ya miƙe a Urushalima ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. A Ayyukan Manzanni sura 3 ma ya dubi taron ya gaya musu sun yi musun Yesu, laifin da shi kansa ya yi, ya kira su su tuba a shafe zunubansu. Ya san ƙofar da yake nuna musu, ta nan ya shiga.

Su biyun sun yi babban zunubi, su biyun sun yi nadama. Ɗaya ya kai kayansa wurin waɗanda ba su da ikon sauke masa, daga nan ya zama alƙalin kansa. Ɗayan ya kai nasa gaban wanda ya yi wa laifin.

Bashin da aka riga aka biya

Mutum ya ci bashin mai shago a unguwa, shinkafa yau, mai gobe, har shafinsa ya cika. Kunya ta sa ya daina bi ta layin, sai ya zagaya ta bayan makaranta. Wansa ya ji labari, ya je ya biya tas, mai shago ya yage shafin, aka aika masa cewa an biya. Amma da ya fito da safe, ƙafarsa da kanta ta ɗauke shi ta bayan makaranta, in kuma ya hango mai shagon a kasuwa sai gabansa ya faɗi. Faɗuwar gaban gaskiya ce, yana jin ta a jikinsa. Bashin kuwa babu shi. In yana son sanin inda maganar ta kwana, littafin mai shago zai je ya duba.

A Kolosiyawa sura 2 Bulus ya yi maganar takardar bashin da ke kanmu, ya ce Allah ya soke ta ya kafa ta a jikin gicciye. Wasiƙar Yohanna ta fari kuma, a sura 1, ta jingina gafarar mai furta zunubinsa a kan amincin Allah da adalcinsa. Mai tuba yakan ji tsoron adalcin nan, yana fatan tausayi ya rinjaye shi. Amma in Almasihu ya riga ya biya, adalcin ya koma ɓangarenka, domin mai adalci ba ya karɓar bashi ɗaya sau biyu. A sura 3 wasiƙar ta yarda cewa zuciya na iya kayar da mai bi, ta kuma nuna cewa Allah ya fi zuciyar girma.

Akwai tarko a nan da masu tsoron Allah suka fi kowa faɗawa. Sai mutum ya mai da tubarsa kuɗin biya: ban yi isasshen kuka ba, bari in ƙara kwana uku na azumi, watakila akwai abin da na manta ban furta ba. Martin Luther, mutumin Jamus, ya shiga gidan 'yan zuhudu a Erfurt a 1505 ya bi wannan hanya har ƙarshenta. Yakan kwashe sa'o'i yana furta zunubansa, ya fita, ya tuna wani, ya dawo. Babbansa, Johann von Staupitz, ya yi ta jan hankalinsa ya bar kallon kansa ya kalli Almasihu da aka gicciye. Hankalinsa bai kwanta ba sai da ya zauna da wasiƙar Romawa ya gane cewa adalcin da Allah ke nema a wurin mutum, Allah ne da kansa ke ba shi kyauta ta wurin bangaskiya. Hawaye suna da kyau, azumi ma haka, amma jinin Yesu ne ya biya.

"Baba Fasto, na yi musunsa"

Akwai wani nauyi da ya zama namu a wannan zamani. A 2014, da 'yan Boko Haram suka mamaye Gwoza da Madagali da Michika da Mubi, har Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta bar hedkwatarta ta Kwarhi, masu bi da dama sun mutu don sun ƙi sakin bangaskiyarsu. Muna tunawa da su, ya kuma kamata. Amma akwai waɗanda ba mu cika magana a kansu ba: wanda aka ɗora wa bindiga a ka, ko a kan ɗansa, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Ya tsira, ya isa Yola ko Jos ko sansanin Minawawo a Kamaru, amma duk sanda aka yabi waɗanda suka tsaya har mutuwa sai ya sunkuyar da kai.

Tun kafin in ci gaba, bari in ware wasu. 'Yar'uwar da aka tsare a daji, aka aurar da ita dole, ta dawo da goyo, ba ta da zunubin da za ta tuba a kansa a wannan al'amari. Laifin yana wuyan wanda ya yi mata. Ita da ɗanta wurinsu a tsakiyar ikkilisiya yake.

Shi kuwa wanda bakinsa ya yi musu, ba shi ne na fari ba. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. A Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, Kirista masu yawa suka miƙa, wasu suka ba da toshiya suka sayi takardar. Da tsananin ya lafa sai ga su a ƙofar ikkilisiya suna neman dawowa. Wani shugaba a Roma mai suna Nobatiyan ya ce kada a karɓe su, har ya ja ƙungiyarsa daban. Bishop Sifiriyan na Kartaj da takwarorinsa suka zauna a 251 suka yanke cewa akwai hanyar dawowa. Da farko sharuɗɗan sun yi tsauri, amma ba a jima ba, da suka hango wani tsananin na tafe, suka buɗe ƙofa ga dukan masu tuba, domin wanda zai sake fuskantar takobi shi ya fi bukatar teburin Ubangiji. Sifiriyan kuwa ba mai wasa da bangaskiya ba ne. An sare kansa saboda ita a 258.

Zunubin da ba a gafartawa

Wani zai ce, to in na yi saɓon Ruhu Mai Tsarki fa? Ka koma Markus sura 3 ka ga waɗanda aka yi wa gargaɗin. Malaman Attaura ne da suka ga Yesu yana fitar da aljanu da idonsu, suka ce da ikon sarkin aljanu yake yi. Taurin zuciya ne da gangan, mai ganin haske ya kira shi duhu. Mai irin wannan zuciya ba ya kwana yana kuka don tsoron ya ɓata wa Ubangiji rai. Tsoron da kake ji shi kansa alama ce cewa Ruhun bai bar ka ba.

John Bunyan, mai gyaran tukwane a yankin Bedford na Ingila, ya sha wannan azaba da daɗewa, yana ganin ya sayar da Almasihu a zuciyarsa yadda Isuwa ya sayar da gādonsa. Ya fita daga ciki, ya yi shekara 12 a kurkuku saboda wa'azi, a 1678 kuma ya fitar da The Pilgrim's Progress, labarin matafiyin da ƙaton kaya ya faɗi daga bayansa da ya iso gicciye. Wanda ya ɗauki kayan ne ya iya rubuta shi.

Abin da ya rage bayan gafara

Ba zan yaudare ka ba, gafara ba ta mayar da jiya. An gafarta wa Dawuda a take, amma Uriya bai tashi ba, gidan sarkin kuma bai rabu da tashin hankali ba. Mai bashin mutum zai biya, wanda doka ta kama zai amsa. Sai dai akwai bambanci tsakanin girbin abin da aka shuka da zaton cewa Allah yana bin ka da bulala. Da almajirai suka ga makaho tun haihuwa, a Yohanna sura 9, suka tambaya zunubin wa ya jawo, Yesu ya ƙi wannan lissafi ɗungum. 'Yar'uwata, zazzaɓin ɗanki cizon sauro ne, ki kai shi asibiti da kwanciyar rai. Ki kuma tuna cewa daga Dawuda da wannan Batsheba aka haifi Sulemanu, kuma Matiyu bai ɓoye matar Uriya ba da yake jera kakannin Yesu.

Bencin baya

A nan dole in yi magana da mu, fastoci da dattawa da iyaye mata. Horo a ikkilisiya yana da tushe, amma manufarsa dawo da mutum ce. Sau nawa muke sa yarinyar da ta yi ciki a bencin baya, wanda ya yi mata kuwa yana gaba yana kaɗa ganga, don kawai nata laifin ya fito fili? Sau nawa ake ɗage horo a gaban jama'a, amma shekara goma bayan haka in an zo zaɓe ko neman aure sai a tono? Wannan abu yana ci mini rai. Da yawa daga masu cewa Allah bai gafarta musu ba, fuskokinmu suka duba suka yanke hukuncin. Bulus, a 2 Korantiyawa sura 2, ya umarci ikkilisiyar ta yafe wa wanda ta hora, ta ƙarfafa shi, ta tabbatar masa da ƙaunarta, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Yadda aka yi horo a fili, haka ya kamata a yi karɓar a fili, daga ranar kuma a rufe bakin maganar.

Daga yau

Ka furta abin ga Allah da sunansa, ba kwana-kwana. In ka riga ka yi, kada ka sake roƙon gafararsa kamar ba a ji ka ba. Duk sanda ya taso, ka mai da roƙon godiya: Ubangiji, na gode da ka gafarta mini wannan. Da farko bakinka ne kaɗai zai faɗa, zuciya takan biyo baya a hankali.

Sannan ka nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah, mai riƙe asiri, ka gaya masa. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta haɗa furta wa juna zunubi da warkewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ka zaɓa da kyau, ba kowane kunne ne ya cancanci labarinka ba. Akwai abin da jin kalmar gafara daga bakin ɗan'uwa ke yi, wanda tunanin mutum shi kaɗai a ɗaki ba ya yi. In kuma ka daɗe kana janye jiki daga Jibin Ubangiji don kana ganin ba ka isa ba, ka koma. Domin masu zunubi aka shimfiɗa teburin.

Idan nauyin ya kai ga barci ya ƙaurace maka makonni, abinci ya fita ranka, ko kana jin gara ka mutu ka huta, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka gaya wa wani yau. Ciwon damuwa ciwo ne da likitoci ke magani, akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, zuwa can kuma ba rashin bangaskiya ba ne.

Saura tambaya ɗaya da na taɓa na wuce. Allah ya gafarta, to mutumin da ka cuta fa? A babi na gaba za mu shiga gidan Zakka mai karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Za mu duba yaushe ya wajaba ka je ka sami mutum, me za ka mayar masa, da abin yi in ya riga ya rasu ko in faɗin gaskiyar zai ƙara masa rauni. Kafin ka buɗe shi, ka nemi amintaccen nan ɗaya ka yi magana da shi cikin makon nan.